Shaidarmu kan neman kuɗin binciken tarihin kishin Larabawa

Shekarun da suka fi tsanani a rayuwar mai binciken tarihi su ne ukun nan zuwa biyar da ke biyo bayan digirin digirgir. Kuɗin karatu ya ƙare, kundin yana ajiye bai zama littafi ba, jami'a ta ɗora masa azuzuwan da manya suka gudu daga gare su, ga iyali. A wannan tsakanin ne muka ga masu hazaƙa da yawa sun bar fagen, alhali Larabcinsu ya fi na waɗanda suka ci gaba. Mun daɗe muna karanta takardun neman tallafi na matasan da ke son nazarin ƙaumiyyar Larabawa, wato tunanin da ke cewa masu magana da Larabci al'umma ɗaya ce, kuma muna bin su har su dawo daga tafiyar bincike. Abin da ke biye shaidar abin da idonmu ya gani ne.

Kuskuren farko kusan kullum iri ɗaya ne. Matashi zai rubuta cewa yana son bincike a kan "tasowar kishin Larabawa da faɗuwarsa", ya fara daga taron Larabawa na Paris a 1913, ya bi ta tawayen Sharif Husaini na 1916, kafa Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a Alƙahira a 1945, taron kafa jam'iyyar Ba'as a Dimashƙa a 1947, haɗewar Masar da Siriya daga 1958 zuwa 1961, ya sauka a yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967. Duk wannan a cikin wata goma sha biyu. Kwamitin tantancewa ba ya wuce shafin farko. Masu ba da kuɗi ba sa biyan mutum don ya sake ba da labarin da kowane ɗalibin aji biyu ya sani. Tambaya suke nema, ƙarama, wadda ke da iyaka ta wuri da ta shekaru, kuma wadda akwai takardun da za su iya amsa ta.

Ga bambancin a aikace. Sati'ul Husri, ɗaya daga cikin manyan masu tunanin ƙaumiyya, ya yi aiki a harkar ilimin Iraƙi tun farkon shekarun 1920 har aka fitar da shi daga ƙasar a 1941. Wanda ya ce zai yi nazarin "tunanin Husri" ya shiga layin da ya cika. Wanda ya ce zai duba littattafan tarihi da aka koyar a makarantun firamaren Iraƙi a waɗannan shekaru, ya ga yadda suka ambaci Kurdawa da 'yan Shi'a da Yahudawan Bagadaza, ya kuma faɗi ɗakunan karatun da kwafen littattafan suke, to wannan ya kawo abin da za a iya auna shi. Mai tantancewa zai iya lissafa masa watanni, ya lissafa masa kuɗi.

Sai kuma a nuna an san gardamar da ke cikin fagen. George Antonius, a littafinsa na 1938, ya kai asalin farkawar Larabawa can ƙarni na 19, ga ƙungiyoyin adabi na Bairut. Daga baya Ernest Dawn ya nuna cewa mafi yawan manyan Larabawa sun ci gaba da biyayya ga daular Usmaniyya ta Turkiyya har mulkinta ya ƙare a ƙasashensu a 1918, 'yan ƙaumiyya kuwa tsiraru ne a lokacin. Bayansu wasu sun juya daga manyan marubuta zuwa talakawan birni da kwamitocin unguwanni na zamanin Sarki Faisal ɗan Sharif Husaini a Dimashƙa. Akwai kuma tsohuwar jayayya tsakanin ƙaumiyya, kishin al'ummar Larabawa baki ɗaya, da waɗaniyya, kishin ƙasa guda kamar Masar ko Iraƙi. Sakin layi biyu sun isa mai nema ya nuna inda tambayarsa ta tsaya a cikin wannan. Abin da muke yawan gani shi ne jerin sunayen littattafai talatin ba tare da an ce wane ya saɓa wa wane ba, ko kuma akasin haka, a ce "babu wanda ya taɓa bincike a kan wannan". Jumlar nan ta ƙarshe ta kashe takardu masu yawa, domin sau da dama wanda ya yi binciken yana zaune a kwamitin.

Ina kuɗin suke? A cikin ƙasashen Larabawa, Majalisar Larabawa ta Ilimin Zamantakewa da ke Bairut tana da shiri na musamman don waɗanda ba su daɗe da kammala digiri ba, da ƙananan tallafi na tafiya da taro, kuma tana karɓar takarda da Larabci ko Ingilishi ko Faransanci. Sharaɗinta shi ne mai nema ya kasance ɗan wata ƙasar Larabawa. Bahaushen Sudan mai fasfon Sudan zai iya shiga, ɗan Kano ko Damagaram ba zai iya ba, ko da a Azhar ya yi karatunsa. A Doha akwai Cibiyar Larabawa ta Bincike da Nazarin Siyasa, wadda aka kafa a 2010, tana shirya tarurrukan tarihi, tana fitar da mujallar tarihi mai suna Ustur. Cibiyar Nazarin Haɗin Kan Larabawa ta Bairut, tun 1975, ita ce gidan da ya fi buga ayyuka a wannan fage, da mujallarta Al-Mustaƙbalul Arabi. Cibiyar Nazarin Falasɗinu, wadda Ƙusɗanɗin Zuraiƙ yana cikin waɗanda suka kafa ta a 1963, tana da ɗakin karatu da ba shi da na biyu a kan batunta. Waɗannan biyun na ƙarshe sun fi amfani wajen buga aiki da samun wurin zama a yi karatu.

A Turai, gidauniyar Gerda Henkel ta Jamus tarihi take tallafa wa, kuma ba ta tambayar ƙasar mai nema. A Balin akwai shirin EUME da ke ɗaukar masu sabon digiri su zauna shekarar karatu guda suna rubutu. Cibiyoyin Amurka irin na Alƙahira da Amman mafi yawan tallafinsu na 'yan Amurka ne ko 'yan ƙasar da suke ciki. Ga malaman jami'o'in gwamnati a Najeriya akwai TETFund, amma ƙaramin tallafinsa na cikin jami'a ba ya ɗaukar nauyin wata uku a ƙasar waje, sai dai a haɗa shi da wani. Shawarar da muke maimaitawa har mun gaji ita ce a fara karanta sharuɗɗan cancanta kafin a rubuta ko kalma ɗaya: fasfon wace ƙasa, shekara nawa bayan digiri, daga ranar kare kundi ake ƙirgawa ko daga ranar da aka ba da takardar shaida, dole ne mutum ya kasance yana da jami'ar da yake aiki ko a'a. Mun ga wanda ya yi wata biyu yana gyaran takarda, ashe ya wuce iyakar shekarun da mako uku.

Inda aka fi faɗuwa, kuma inda zuciyarmu ta fi damuwa, shi ne batun ma'adanar takardu. Tarihin kishin Larabawa yana da wata matsala da ba kowane fage ke da ita ba: takardun gwamnatocin da suka ɗauki wannan aƙida su ne suka fi wuyar samu. A Alƙahira, shiga Darul Wasa'iƙ, ma'adanar takardun ƙasar Masar, sai da izinin jami'an tsaro, izinin yana iya ɗaukar watanni, yana iya ƙin fitowa, kuma takardun bayan 1952 kaɗan ne ke buɗe. Ɗakin karatu da ma'adanar ƙasa ta Iraƙi sun ƙone a Afrilun 2003. Sojojin Isra'ila sun kwashe takardun Cibiyar Binciken Falasɗinu a Bairut a 1982. Yaƙin Siriya ya rufe Dimashƙa ga masu bincike shekaru da dama, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kuma ya yi wa Hartum haka.

A ɗaya gefen, ma'adanar Ingila da ke Kew a Landan buɗe take, shiga kyauta, ana barin mutum ya ɗauki hoton takardu da wayarsa. Jerin FO 371 kaɗai, wasiƙun siyasa na ma'aikatar harkokin waje, zai iya cika wa mutum shekara. CO 730 na Iraƙi ne, CO 733 na Falasɗinu. Takardun mulkin Faransa a Siriya da Labanan suna birnin Nant na Faransa. Kwafen takardun jam'iyyar Ba'as ta Iraƙi suna cibiyar Hoover a Amurka. Sakamakon haka a bayyane yake. Matashi mai ɗan kuɗi da wata uku kacal zai nufi Landan, ya dawo da hotuna dubu goma, ya rubuta tarihin Larabawa daga bakin jakadan Ingila da ɗan leƙen asirin Faransa, mutanen da aikinsu shi ne su ɗauki kowane ɗan ƙaumiyya a matsayin mai tada fitina ko ɗan amshin shatan wata ƙasa. Ba mu ce kada a je Kew ba. Muna cewa takardar neman tallafi ta faɗi a sarari wace murya ta Larabci za a ajiye kusa da kowace takardar mulkin mallaka, kuma a ware mata kuɗinta da kwanakinta.

Muryoyin suna nan ga mai nema. Jaridu da mujallu na zamanin, waɗanda ɗakin karatun Jafet na Jami'ar Amurka ta Bairut ke da tarinsu. Littattafan tunawa da 'yan siyasa da sojoji da malamai suka rubuta, masu buƙatar a karanta su da taka-tsantsan domin kowa kansa yake wankewa. Littattafan makaranta, waƙoƙin fareti, takardun ƙungiyoyin ɗalibai, wasiƙun da ke cikin akwatunan iyalai. Gidan rediyon Sautul Arab, wanda ya fara watsa shiri daga Alƙahira a 1953, faya-fayensa suna da wuyar samu, amma ma'aikatan saurare na BBC da na Amurka sun rubuta abin da aka watsa kullum cikin fassarar Ingilishi. Wanda zai dogara da wannan fassara ya faɗi haka a takardarsa, ya kuma faɗi yadda zai gwada ta da abin da jaridun Alƙahira suka buga a ranakun. Mai tantancewa yana girmama wanda ya san raunin madogararsa.

Wanda tambayarsa ta shafi shekarun kafin 1918 ba shi da mafita sai ma'adanar Usmaniyya da ke Istanbul. Tana da tsari, an saka takardu da yawa a kwamfuta, baƙo na iya rajista da fasfonsa. Amma rubutun da Turkancin Usmaniyya ne. Haruffan na Larabci ne, kalmomin Larabci sun cika shi, shi ya sa masu Larabci ke ruɗar kansu cewa za su iya. Nahawun na Turkanci ne, hannun magatakardan kuma sai an koya. Idan ba a iya ba, a saka kuɗin kwas na bazara ko na mai taimako a kasafi, a faɗi gaskiya. Akwai kuma tarkon kwanan wata. Takardun ofis suna ɗauke da shekarar Hijira da ta Rumi, kalandar kuɗi ta daular wadda ke farawa a watan Maris. A mafi yawan watanni, a ƙara 584 a kan shekarar Rumi a sami ta Miladiyya, wato 1332 ta yi daidai da 1916, amma kwanakin suna baya da 13 a farkon ƙarni na 20. Wanda ya ɗauki shekarar Rumi a matsayin ta Hijira zai kauce da shekara biyu, ya ɗora magana a kan abin da bai faru ba tukuna.

Don haka kowace takarda mai kyau tana da hanya ta biyu a rubuce: idan izinin Alƙahira bai fito ba zuwa wata na huɗu, ga inda za a koma, ga ɓangaren tambayar da zai rage. Matasa suna tsoron rubuta wannan, suna ganin kamar nuna rauni ne. Masu ba da kuɗi kuwa shi suke nema, domin sun sha ganin kuɗinsu ya ƙare a hayar ɗaki ana jiran takardar izini.

Batun tsaro ba abin wasa ba ne. Tun bayan kisan Giulio Regeni, ɗalibin Jami'ar Kambirij da ke bincike a kan ƙungiyoyin ƙwadago, a Alƙahira a farkon 2016, jami'o'i da gidauniyoyi suka tsananta tambaya a kan haɗarin tafiya. Mai yin hira da tsofaffin 'yan Ba'as ko 'yan Nasiriyya, mabiya tsohon shugaban Masar Jamal Abdul Nasir, ya sani cewa haɗarin ya fi yawa a kan wanda ya ba shi labari, domin shi zai tafi, su suna nan. A rubuta yadda za a nemi yardarsu, yadda za a ɓoye suna, inda za a ajiye muryar da aka naɗa, da wanda ke da mabuɗinta. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a yakan ɗauki makonni, wasu masu ba da kuɗi kuma ba sa sakin kobo sai sun gan shi. Lokaci ma yana ƙurewa: wanda yake ɗan shekara 20 lokacin haɗewar Masar da Siriya, yau ya doshi 90. Kuma tsoho a Halab ko Basara ba da Larabcin littafi zai yi hira ba. Wanda bai iya karin harshen wurin ba ya saka kuɗin mai rakiya. Sa'a guda ta hira tana cin sa'a huɗu zuwa shida wajen mayar da ita rubutu, hira talatin aikin wata guda ne cur, amma da wuya mu ga wanda ya saka wannan watan a jadawalinsa.

Kasafin kuɗi shi ne shafin da ake rubutawa a daren ƙarshe, kuma shi ne wanda akawun gidauniya zai fara dubawa. A rubuta kowane abu da lissafinsa: kwana nawa, sau nawa a kwana, daga ina aka samo farashin. Abubuwan da ake mantawa su ne kuɗin biza da tafiyar zuwa ofishin jakadanci, inshorar lafiya, kuɗin kwafen takardu inda ake biya shafi-shafi, ma'ajin kwamfuta guda biyu, cajin banki, da kason da wasu jami'o'i ke cira idan kuɗin ta asusunsu ya biyo. A tambayi wannan kason tun kafin a miƙa takarda. Bizar Shengen, wadda ake shiga Faransa da Jamus da ita, kwana 90 take bayarwa a cikin kowane 180, saboda haka wanda ya tsara wata biyar a Nant da bizar ziyara ya tsara abin da ba zai yiwu ba. A yi lissafi da kuɗin da mai bayarwa zai biya da shi, dala ko yuro, domin fam ɗin Masar ya faɗi warwas a 2016 ya sake faɗuwa a 2022 da 2024, lirar Labanan ta ruguje daga 2019 har bankuna suka riƙe dalolin mutane, naira ma kowa ya ga abin da ya same ta a 2023. Idan dokar gidauniya ta yarda, a ware kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana. Kuɗin kuma kashi-kashi yake zuwa, na ƙarshe sai an miƙa rahoto, saboda haka dole mutum ya san inda zai ranto na watan ƙarshe.

Kada kuma a rage kuɗin don a burge. Wanda ya nemi rabin abin da aikin ke buƙata ya nuna bai san aikin ba.

Wasiƙun shaida guda biyu ko uku ake nema. A sanar da malamin mako shida kafin ranar rufewa, a tura masa takardar neman da kanta, domin wasiƙar da ta ce "yaro ne mai ladabi da ƙoƙari" ba ta ƙara komai. Wadda ke aiki ita ce wadda ta ce wannan tambayar tana da muhimmanci saboda kaza, kuma na ga wannan mutum ya karanta rubutun hannu iri kaza. Haka ma wasiƙar gayyata daga cibiyar da za a sauka: ita ce ke buɗe ƙofar biza da ta izinin bincike, kuma samunta yakan ɗauki wata biyu.

Ga masu karatunmu na ƙasar Hausa akwai abin da muke so su ji. Yawancin waɗanda suka yi Larabci a Kano, Zariya, Sakkwato, Yamai, Hartum ko Alƙahira suna ganin wannan fage na Larabawa ne da Turawa. Alhali akwai tambayoyin da su suka fi kowa cancantar yi. Jamal Abdul Nasir ya sa Masar a tsakiyar da'ira uku, ta Larabawa, ta Afirka, da ta Musulunci, rediyon Alƙahira ya buɗe sashen Hausa, Azhar ta karɓi ɗaliban Afirka ta Yamma masu yawa. Me aka faɗa wa masu sauraren Hausa, kuma me ɗaliban suka dawo da shi? Sudan ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a 1956, tana ɗauke da zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da sauran Hausawa da Fulani na hanyar Makka. Yadda dokar zama ɗan ƙasa da tunanin larabcin Sudan suka ɗauki waɗannan mutane tambaya ce ta asali da ta tarihi, kuma mai Hausa da Larabci ne zai iya zama da tsofaffinsu. Tarin takardun Sudan na Jami'ar Durham a Ingila yana buɗe ko da Hartum ba ta shiguwa. Irin wannan tambayar tana da wata fa'ida: ana iya kai ta ga masu tallafa wa nazarin Gabas ta Tsakiya, ana iya kai ta ga masu tallafa wa nazarin Afirka, irin su CODESRIA ta Dakar.

Idan abin da mutum ya tarar tarin takardu ne a gidan wani iyali, gara da ruwan sama suna cinye su, to wata ƙofa ce daban. Shirin Ɗakin Karatun Biritaniya na ceton takardun da ke cikin haɗari, wanda ya fara a 2004, yana biyan kuɗin ɗaukar hotonsu, asalin takardun kuma ba sa barin ƙasarsu. Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles tana da irinsa na takardun ƙarni na 20. Ba sa biyan kuɗin rubuta littafi, kuma sai da yardar masu takardun a rubuce.

Ƙin amincewa shi ne abin da ya fi yawa, har ga takardu masu kyau. Wanda aka ƙi ya nemi sharhin masu tantancewa idan ana bayarwa, ya ajiye shi mako biyu har zafin ya huce, sannan ya gyara ya sake miƙawa, can ko wani wuri. Mafi yawan gidauniyoyi sau ɗaya suke buɗewa a shekara, amsa takan zo bayan wata huɗu zuwa shida, saboda haka mai son tafiya baɗi yanzu zai fara rubutu.

Wanda ya samu kuwa, aikin ofis ya fara masa. Ya ajiye kowane rasit tun daga ranar farko, ya ɗauki hotonsa a ranar, domin tawadar rasit ɗin shago tana gogewa cikin 'yan watanni. Duk canjin da zai yi, na ƙasa ko na ma'adana ko na kuɗin wani layi zuwa wani, ya nemi izini a rubuce kafin ya yi. A ma'adana, hoton farko na kowane fayil ya zama na bangonsa mai lamba, kuma kowane dare ya kwafe hotunan ranar zuwa wuri biyu, ya rubuta layi uku a kan abin da ke ciki. Mun ga hotuna dubu takwas da ba a iya kafa hujja da ko ɗaya daga cikinsu ba, saboda mai su ya kasa tuna daga wane akwati suka fito. Idan kuma aikin ya fito da Ingilishi, a ware kuɗin fassara tun a kasafi domin a buga ko maƙala ɗaya da Larabci, a aika wa iyalan da suka buɗe akwatunansu kwafinta.